Sanarwa: Fitar ɗaukar hoton tsuntsaye a fadamar Haɗeja da Nguru

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da shigowar kaka.

Masu sha'awar fita ɗaukar hoto, lokaci ya yi. Ruwa ya ɗauke, fadama cike take, hazo kuma bai sauko ba tukuna. Da zarar ƙurar hunturu ta iso a Nuwamba ko Disamba, hoto zai riƙa fitowa fari-fari komai kyan kyamararka.

Shamuwa ta fara haramar komawa kudu, wanda bai ɗauke ta ba sai wata daminar. A gefe guda baƙin tsuntsaye daga Turai sun fara tsallako Sahara suna sauka a tafkin Nguru da Dagona. Namu na gida suna nan: dinya, kirinjijiya, zalɓe, balbela. Gauraka ta yi ƙaranci sosai, wanda Allah ya nuna masa ita ya yi hoto daga nesa, kada ya matsa ya tashe ta. A bakin ruwa akan ci karo da guza yana shan hantsi.

Za mu tashi bayan sallar asuba, domin da rana ta take tsuntsu sai ya shige cikin ciyawar kacalla. A bar fararen kaya a gida, a sa masu duhu. Manoma na tsakiyar girbi, don Allah a yi sallama a nemi izini kafin a ratsa gonar mutum. Dagona tana ƙarƙashin gandun dajin Tafkin Chadi, sai da iznin ma'aikata ake shiga.

Mai zuwa ya rubuta sunansa kafin Alhamis, saboda lissafin mota da kwale-kwale.