Wasiƙa zuwa Maraɗi kan kotu da kuɗin ruwa

Assalamu alaikum Malam Issufu,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Maraɗi baki ɗaya.

Ka tambaye ni me ya haɗa gyaran kotu da tattalin arziki. Bashi ne ya haɗa su. Banki kafin ya ba da rance sai ya lissafa shekarun da zai yi a kotu idan an ƙi biya. In shari'ar za ta ci shekaru, sai ya ɗora wannan jiran a kan kuɗin ruwa, ya kuma ce sai an kawo takardar fili. Shi ya sa ko Babban Banki ya sassauta kuɗin ruwa, ɗan tireda ba ya gani a ƙasa.

Legas ta buɗe kotun ƙananan basussuka a 2018, Kano ta bi sahu a 2019. Tsarin Legas ya fara da bashin da bai wuce naira miliyan 5 ba. Mai bin bashi zai fara aika takardar neman biya, in an yi biris sai ya cike fom a gaban majistare, ba dole sai da lauya ba. Ana so a gama cikin kwana 60, an kuma taƙaita ɗage zama, don nan ne shari'o'i ke mutuwa.

Amma hukunci ba kuɗi ba ne. Sai ma'aikacin kotu ya je ya kama kaya, ko alƙali ya umarci banki ya riƙe abin da ke asusun wanda ake bi. In kuwa gwamnati ce ta ci bashin, sashe na 84 na dokar zartar da hukunci ya ce sai Antoni Janar ya amince kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'inta. Wato sai ka roƙi lauyan wanda kake bi. Ɗan kwangila ya san haka, tun farko yake ƙara farashi.

Indiya ma a 2016 ta yi dokar karayar kamfanoni mai wa'adin kwana 180, amma ƙarancin alƙalai ya sa shari'o'i da yawa ke zarce shi.

Ku a Nijar dokokin OHADA kuke bi, wato dokokin kasuwanci na bai-ɗaya da wasu ƙasashen Afirka suka amince da su, ƙarar ƙarshe kuma sai kotun OHADA da ke Abijan. Don Allah ka bincika mini kwana nawa ake yi tsakanin hukunci da karɓar kuɗi a kotun kasuwanci ta Yamai.

A gaida Hajiya da yara.

Naka,
Bala