Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Mai Tambaya Kan Fim Ɗin Zombi Na Japan

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, tambayar da ka jefo mana a bainar jama'a ta iso. Ka ce an cika maka kunne da yabon fim ɗin nan na Japan mai suna Kamera o Tomeru na!, wanda a wajen ƙasar aka fi sani da One Cut of the Dead. Ka kunna, ka daure minti 20, ka kashe. Ka ce kyamara rawa take yi, 'yan wasa suna yin shiru kamar sun manta abin faɗa, jinin kuma kamar ruwan zoɓo. Sannan ka tambaye mu, mu da ke aikin bayan kyamara, ko tausayin rashin kuɗinsu ne ya sa muke yabonsa, tunda dai arha ba ta ado.

Ba tausayi ba ne. Fim ɗin yana da inganci, sai dai ba a inda ka duba ba, kuma ba a ko'ina ba. Ba za mu iya bayani ba sai mun tona asirin labarin, saboda haka duk mai karatun da bai kalla ba kuma yake da niyya, ya dakata a nan.

Ga lissafin tukuna. Darakta Ueda Shin'ichiro ne ya rubuta, ya ba da umarni, ya kuma tace. Wata makarantar koyar da wasa da ba da umarni a Tokiyo mai suna ENBU Seminar ce ta ɗauki nauyi, da yen (kuɗin Japan) miliyan 3, wajen dala 25,000 ke nan a lokacin. An ɗauka cikin kwana 8 a 2017, da 'yan wasan da ba wanda ya san su, a wata tsohuwar matatar ruwa da aka daina amfani da ita a garin Mito. An fara haska shi a Nuwamban 2017 a wata ƙaramar silima mai kujeru 84 a unguwar Shinjuku da ke Tokiyo, na kwana 6 kacal. Bayan ya samu karɓuwa a bikin fina-finai na Udine da ke Italiya a 2018, aka sake sakin sa, ya tara sama da yen biliyan 3 a Japan kaɗai. Ciniki ba hujjar inganci ba ne, fina-finan banza da yawa sun yi kasuwa. Mun kawo shi ne don ka san girman aljihun da ake magana a kai.

Minti 37 na farko, waɗanda a tsakiyarsu ka kashe, ɗauka ɗaya ce ba yankewa. Wasu masu shirya fim ɗin zombi (gawarwakin da ke tashi suna cizon mutane) ne zombi na gaske suka far musu. Ka yi gaskiya, cike yake da abubuwan da ba su dace ba. Mutum uku suna zaune, aka ji bugu a ƙofa, sai hira ta mutu, suka koma tambayar juna abin da suke sha'awar yi in ba su da aiki. Mai ɗaukar sauti ya tashi ya fita waje duk da an ce masa akwai zombi. Kyamara ta faɗi ƙasa ta daɗe a kwance ba wanda ya ɗaga ta, da aka ɗaga kuma sai salon ɗaukar ya canza, aka shiga zuƙo hoto ana mayarwa. Jarumar ta ɓuya a wani ɗan ɗaki, zombi ya zo har gabanta ya tsaya, ya juya ya tafi bai taɓa ta ba. A saman bene ta yi ta ihu, kyamara na kan fuskarta, har mai kallo ya gaji.

Ruwa ba ya tsami banza. Bayan minti na 37 fim ɗin yana komawa wata ɗaya baya, ka tarar ashe abin da ka kalla shiri ne da wata tashar talbijin ta ba wani darakta kwangilar yi kai tsaye, da kyamara ɗaya, ba damar tsayawa. Kashi na ƙarshe yana nuna maka ranar ɗaukar daga bayan kyamara. Hirar da ta mutu, jan lokaci ake yi domin ɗan wasan da ya kamata ya shigo ya sha giya ya yi tatul. Mai sauti gudawa ce ta kama shi saboda ya sha ruwan da cikinsa bai saba da shi ba. Kyamara ta kwanta ne domin ciwon baya ya kama mai ɗauka, mataimakiyarsa ta karɓa, ita kuma dama can tana son zuƙo hoto an hana ta. Zombin da ya tsaya bai yi cizo ba, ashe ma'aikaci ne riƙe da allo yana gaya wa jaruma ta ɗauki gatari a waje. Hoton ƙarshe da aka ɗauka daga sama yana karkarwa, saboda ƙarfen ɗaga kyamara ya faɗo ya lalace, ma'aikata ne suka hau kan juna suka ɗaga ta.

A nan ingancin yake, kuma a nan muke so ka daɗe. Yin kuskure da gangan ya fi yin daidai wuya. In kana son shiru na daƙiƙa 15 ya zama abin dariya bayan awa ɗaya, dole tun a rubutu ka san abin da ke faruwa a bayan bango cikin daƙiƙun nan 15, waye yake gudu, daga ina zuwa ina, ɗauke da me. Wato labari biyu ake rubutawa a kan agogo ɗaya, na gaban kyamara da na bayanta, kowane motsi a ɗaya yana da dalili a ɗayan. Sannan dole mai kallo ya riƙe kuskuren a ransa. In ya yi ƙanƙanta zai manta, dariyar ta tashi a banza. In ya yi yawa zai kashe, kamar yadda ka yi. Wannan caca ce darakta ya shiga da idonsa biyu, kuma a kanka ya faɗi. Ba mu ga laifinka ba.

Abin da muke gwada fim mai arha da shi, don bambance ɓarna ta gangan da ta rashin iyawa, shi ne mu rufe ido mu saurara. Mai kallo yana yafe hoto mai dishi-dishi, amma ba ya yafe maganar da ba ya ji. A fim ɗin da ya gagari masu shi, murya tana nisa tana dawowa, iska na bugun makirfo, kiɗa yana danne magana don ɓoye rami. Koma ka saurari minti 20 ɗin da ka kalla: ana gudu, ana ihu, ana fita waje ana shiga, amma magana tana fita sarai. A ɗauka mai juyawa ko'ina da wuya a ɓoye mai riƙe da sandar makirfo, don haka jin magana a irin wannan yanayi aiki ne da aka tsara tun kafin ranar. Gwaji na biyu shi ne sanin wuri. Bayan minti 10 ka san inda ƙofa take, inda matakala take, inda mota take. Fim ɗin da kyamararsa ke rawa don rashin iyawa yakan ɓatar da kai, ba ka san wa ke bin wa ba.

Sau 6 aka gwada wannan doguwar ɗauka. Wanda bai taɓa tsayawa a wurin ɗaukar fim mai jini ba zai ga kamar kaɗan ne. Kowane gwaji yana cin kaya sabbi fil na kowane ɗan wasa da jini zai taɓa, a wanke ƙasa da bango, a goge kwalliyar fuska a sake, a mayar da gatari da hannun roba da kan roba inda suke. Kafin a gama rana ta matsa, hasken da aka yi atisaye da shi ya canza. Akwai kuma matsalar fita daga cikin gini mai duhu zuwa tsakar rana: in ba a rage buɗewar lens, wato idon kyamara, ana cikin tafiya ba, hoto zai ƙone ya yi fari fat, in an rage da wuri ciki ya yi baƙi. Masu irin wannan ɗauka sukan zaɓi lens mai faɗi domin kusa da nesa su fito tare, ba sai an yi ta bin saiti ba, kuma faɗin yana rage ganin girgiza. Farashinsa shi ne ba a iya ware ɗan wasa daga abin da ke bayansa, hoto ya yi kama da na talbijin. Mutum ɗaya ya makara da daƙiƙa 3 a minti na 30, an koma farko.

Batun jini kuwa, ka taɓo inda muka fi sani. Jinin fim na gida-gida ana haɗa shi ne da ruwan sukari mai kauri irin na masu yin alewa, kamar lita 1, da jar kalar abinci cokali 2 zuwa 3, da ɗigo kaɗan na shuɗiya ko koriya don kashe hasken jan, da garin koko cokali 2. Kokon ne ke hana haske ratsa shi. In babu shi, jini yana fitowa ja-ja garai a kyamara, wanda shi ne abin da ka kira zoɓo. In ba zai kusanci baki ko ido ba, ana ƙara cokali 1 na sabulun ruwa don ya fita daga tufafi kuma ya kwanta a fata maimakon ya dunƙule. Matsalar ita ce mai kaurin nan ba ya bin tiyo. In ana son ya yi tsartuwa daga wuya, da famfon feshi da siririn tiyo da aka ɓoye a ƙarƙashin riga, sai an tsinka shi da ruwa kusan rabi da rabi, kuma da zarar an tsinka launi ya tafi. Shi ya sa masu hankali ke haɗa kala biyu: mai kauri mai duhu na shafawa a jiki da ƙasa, tsinkakke mai ƙarin kala na feshi. Ga santsi, ga ƙuda da tururuwa in an bar shi a rana. Darakta George Romero na Amurka a 1968 ya huta da duk wannan, tunda fim ɗinsa na zombi baƙi da fari ne, ruwan cakuleti ya zuba ya wadatar.

To, a wannan fim jini da gaɓoɓin roba ba su kai a yaba ba, kwalliyar zombi ma fenti ne fari-fari da duhu a idanu da ɗan rauni, ba wani gini a fuska. Dabarar ita ce labarin ya ba su mafaka: shiri ne mai arha na talbijin, dole kayansa su yi arha, har ma ana nuna maka ma'aikaci yana tsugune yana feso jinin. Wayo ne, amma ba ya mayar da roba nama. Wanda ya zo neman gwanintar kwalliya ba zai samu ba.

Akwai sauran rauni da masu yabo ke tsallakewa. Fim ɗin ba ya ba da tsoro ko kaɗan, barkwanci ne sanye da rigar ban tsoro. Kashi na tsakiya, inda ake gabatar da darakta da matarsa da 'yarsa da 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, yana tafiyar hawainiya, haskensa da ɗaukarsa na wasan talbijin ne na yau da kullum. Yawancin mutanen ciki hali ɗaya tak aka ba kowa, mashayi, mai ciwon ciki, jarumi mai gardama, jaruma mai fakewa da kamfaninta. Abin da ya cece su shi ne darakta ya fara zaɓar 'yan wasan, ya yi atisaye da su, sannan ya rubuta wa kowa abin da ya dace da jikinsa. Wannan darasi ne ga duk mai ƙaramin jari: ɗan wasan da bai goge ba yana iya hali ɗaya da kyau in an ɗinka masa daidai shi, ba ya iya uku.

In kana son shaidar cewa arhar ma tana cikin kayan aikin, dubi na Faransa. Darakta Michel Hazanavicius ya sake yin labarin da kuɗi mai kauri da sanannun jarumai irin su Romain Duris da Bérénice Bejo, har fim ɗin ne ya buɗe bikin fina-finai na Cannes na 2022. Hotonsa ya fi kyau, jininsa ya fi kama da jini. Amma a ganinmu tarkon bai kama kamar na farko ba, domin in ka ga fitaccen jarumi yana wasa mara kyau ka san da gangan ne, kana jiran bayani. A na Japan ba ka san kowa ba, shi ya sa ka yarda cewa ba su iya ba, ka kashe.

Shawararmu ita ce ka sake kunnawa daga farko, kada ka tsallake, domin kashi na ƙarshe ba ya aiki sai abubuwan da suka ba ka haushi suna sabo a ranka. Tsawonsa duka bai wuce minti 97 ba. Ka riƙe biro ka rubuta duk inda ka ga kuskure a minti 37 na farko, sannan ka rinƙa sokewa ɗaya-ɗaya yayin da ake biyan ka. Ka tsaya har rubutun sunaye na ƙarshe, a nan ake nuna ma'aikatan gaskiya suna gudu a bayan mai kyamara lokacin ainihin ɗaukar. Abin da ya rage a takardarka ba a soke ba, turo mana mu duba tare.

Wassalam,
'Yan'uwanka masu aikin kwalliya da tace hoto