Kafin mai injin wanki ya iso ƙofar gidanka

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili in yi magana da masu gidan da ke kiranmu wankin hanyar mota da farfajiya. Sana'ata ke nan, wanke daɓen siminti da intalok (duwatsun siminti da ake jerawa a ƙasa) da injin feshin ruwa, kuma yawancin saɓanin da ke shiga tsakaninmu da masu gida daga rashin shiri yake tasowa.

Da ma'aunin da ake kira bar ake auna ƙarfin ruwa, kuma na famfon gida bai cika wuce bar 3 ko 4 ba. Injin da muke wanke siminti da shi yana kaiwa bar 200. Ruwa mai wannan ƙarfi yana tsaga fatar mutum, yana kuma tsince tsakuwa ya wurga ta kan gilashin mota. Shi ya sa nake so in tarar an share wurin, an fitar da motoci, an kwashe kujeru da tukwanen furanni, an rufe tagogi, an liƙe soket ɗin waje da leda. Yara su zauna a ɗaki har a kashe inji, domin babu yaron da zai ga wannan feshi bai matso ba.

Sai baƙin mai. Mutane da yawa suna zaton ƙarfin ruwa kaɗai zai ɗauke shi. Siminti yana da ƙananan ƙofofi, mai yana nutsewa ciki. Idan sabo ne, a zuba masa yashi ko dusar katako ya kwana yana tsotsa. Idan ya daɗe, a faɗa mini tun a waya in zo da maganin cire maiƙo, wanda sai ya jiƙa wurin kafin a fesa. Tsatsa maganinta daban, gansakuka ma daban. Kuma don Allah kada a riga mu zuba bilic a yi shiru: in ya haɗu da maganin tsatsa mai asid, iskar kulorin mai guba ce ke tashi, mai aikin ne kuma zai fara shaƙarta. Shukokin da ke gefe a ba su ruwa sosai kafin a fara, don maganin da ya fantsama kada ya ƙone su.

Maigida ya zagaya da ni ya nuna mini inda daɓe ya tsage da inda aka yi fenti, domin ruwa zai faɗaɗa tsagar, ya ɓare fentin da ya saki. Sabon siminti kuwa ba na taɓa shi kafin ya cika kwana 28, ko da an matsa mini.

Babban inji yana shan kusan lita 15 a minti ɗaya, wato lita 900 a awa. A duba tanki, a kuma yashe kwata, in ba haka ba duk dauɗar za ta dawo ta kwanta inda aka wanke.

Masu intalok su sani cewa yashin da ke tsakanin duwatsun zai fita, ba laifin mai aiki ba ne. Sai wurin ya bushe ƙayau a share sabon yashi ya cike ramukan, kafin nan mota ta haƙura da hawa. A yi maganar wanda zai kawo yashin tun wajen ciniki.

Na gode.

Naka,
Wani mai sana'ar wankin daɓe