Amsa Ga Wanda Ya Ce Tunanin Malami Ba Ya Ƙara Wa Ɗalibi Maki

Malam, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Na ga tambayar da ka jefo mini a bainar jama'a, inda ka nemi in nuna maka inda zurfin tunanin malami da iya jagorancinsa suka taɓa ƙara wa ɗalibi maki ko ɗaya, sannan ka ɗora da cewa masu irin ra'ayina kuɗin bita kawai muke hange. Wannan ta ƙarshen ce ta sosa mini rai, domin na shafe shekaru da alli a hannuna kafin a taɓa gayyata ta wata bita, kuma waɗanda suka zauna a ajina shaida ne. Da neman sani ne ya kawo ka, ina ganin da ba ka haɗa tambayarka da ƙazafi ba.

Ka kafa hujja da rahoton Coleman na 1966 a Amurka, wanda ya nuna cewa gidan da yaro ya fito ya fi makaranta tasiri a kan sakamakonsa. Ban musa ba. Sai dai rahoton nan ya nuna cewa cikin abubuwan da makaranta ke da iko a kansu, ingancin malami yana sahun gaba, kuma wannan ɓangaren ne ka tsallake.

Ga abin da nake nufi da tunani. An ba yaro rabi a haɗa da sulusi, sai ya rubuta biyu bisa biyar. Wani malamin zai ja masa jan biro ya wuce. Wani kuwa zai tsaya ya gane cewa yaron ya haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, sai ya tambaye shi yadda aka yi ya ƙara wani abu a kan rabi amma amsarsa ta gaza rabi. Na sha ganin yaro ya yi shiru, ya ƙura wa allo ido, sannan ya goge da kansa. Wannan yaron da wuya ya sake faɗawa ramin nan a ɗakin jarrabawa, kuma makin da kake nema ke nan.

Jagoranci ma a cikin aji yake farawa. A farkon shekarun 1970 wata mai bincike kan ilimi a Amurka, Mary Budd Rowe, ta gano cewa malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya, kuma da aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku ko fiye, amsoshin yara suka ƙara tsawo, waɗanda ba su saba magana ba suka fara ɗaga hannu. Malamin da zai iya riƙe aji cikin natsuwa na wannan ɗan lokaci, ya hana masu saurin baki danne na baya, shi ne shugaban da nake magana a kai.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ana auna malami da sakamakon jarrabawa, amma ana cika masa aji maƙil, a jibga masa manhaja mai tsawo da takardun cikewa, ba a bar masa ko sa'a ɗaya ya zauna da abokan aikinsa su duba kurakuran ɗalibansu ba. Ina gayyatar ka ka zo ka zauna a bayan ajina na mako guda da littafin rubutu a hannunka, sannan ka sake yi mini tambayar.