Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Shugaban Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa kan masu shiga kufai da injin neman zinare

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Malamin tarihi ne ni a wata sakandare, kuma abin da idona ya gani ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Akwai wani kufai a bayan garinmu, inda yara ke ƙwallo, mutane ke zuwa shan iska da la'asar. Kwanaki na tarar da samari biyu a wurin, ɗaya ya rataya injin nan na neman zinare yana lilo da shi a kan ƙasa, ɗaya na biye da diga. Injin na yin ƙara suka hau tono. Me ya fito? Munduwar tagulla, duk ta yi kore, a tsakiyar fasassun tukwane. Tukwanen suka watsar da ƙafa, munduwar ta shiga aljihu. Da na yi magana, babban ya ce, "Malam, ai ba gonar kowa ba ce."

Ba ɓarayi ba ne, 'ya'yanmu ne, har ɗayan ya taɓa zama a ajina. Sai dai ba su san abin da suka kashe ba. Ka tuna Durɓi ta Kusheyi, wurin tsofaffin kusheyin manyan mutanen da, a ƙasar Katsina. Da masana suka tona kusheyin a 1992, an samu 'yan kunne na zinare, da mundaye, da tasoshin ƙarfe, da wuri, har da ragowar tufafi. Don an bi ƙasar sannu a hankali, an rubuta inda kowane abu yake kwance, shi ya sa aka iya faɗin zamaninsu da nisan fataucin mutanen. Da mai inji ne ya riga su, da zinaren ya narke a wurin maƙeri, sauran kuwa iska ta kwashe. Ƙasar Nok ta kudancin Kaduna, inda ake samun tsofaffin mutum-mutumin yumɓu, ta ga irin wannan ɓarna a shekarun 1990.

Dokar 1979 da ta kafa hukumarku ta hana irin wannan tono ba tare da izini ba, amma wa ya taɓa karanta wa waɗannan samari ita da Hausa?

Ba cewa nake a ƙwace injinan ba. A Ingila, inda abin ya zama sha'awar dubban mutane, dokar 1996 ta wajabta wa wanda ya tsinci taska ya kai rahoto cikin kwana 14, kuma idan gidan tarihi zai karɓa, a biya shi. Wanda ya gano taskar Staffordshire a 2009 shi da mai gonar sun raba fam miliyan 3 da ɗoriya. Amma ko a can Ingila, wurin da aka keɓe don tarihi, laifi ne a shiga da inji babu izini.

Roƙona ke nan. A shata iyakar kufai da tsofaffin kusheyi da gindin ganuwa, a kafa alluna da Hausa, boko da ajami, cewa nan ba a tono. A sa dagatai da masu unguwanni a ciki, don su ne suka san baƙon da ya shigo gari da inji. Wanda kuma ya tsinci abu a gonarsa ya kawo, a sallame shi da tukwici mai kauri, kada ya ji tsoron za a kulle shi. Muddin dillali ya fi hukuma saurin biya, wurin dillali kayan za su tafi.

Munduwar nan tana hannun yaron har yanzu. Na roƙe shi ya dakata da sayarwa, ya ce zai jira ni zuwa ƙarshen wata. Ina zan ce masa ya kai ta?

Allah ya ƙara maka lafiya.

Naka,
Wani malamin tarihi