Godiya ga shagon buga takardu na kusa da Babbar Kasuwar Maradi

Assalamu alaikum, Alhaji, ku da yaran shagonku.

Na zaɓi in yi muku godiya a bainar jama'a ne, domin abin da kuka yi wa kundin bincikena ya wuce kuɗin bugun da na biya. Bincikena a kan silikon ne, sinadarin nan da ake ƙera faifan sola da ƙwaƙwalwar salula da shi, amma wanda aka mayar zare siriri ƙwarai, har kaurin wani zaren bai kai nanomita 20 ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), alhali silin gashin kai yakan haura nanomita 50,000. Abin da ya gagari ido haka, da haske ake tambayarsa. Ana haska masa koren hasken leza, sannan a auna hasken da ya warwatsu ya dawo. Mafi yawansa da launinsa yake dawowa, amma ɗan ƙalilan yakan sauya saboda rawar da ƙwayoyin zarra suke yi, kamar yadda masanin Indiya C. V. Raman ya gano a 1928, har aka ba shi kyautar Nobel a 1930.

Idan aka zana sakamakon wannan awo a takarda, layin zanen dunƙulen silikon yana fitar da tsini a kan lamba 520 a ma'auninmu. A siririn zare kuwa tsinin yakan ja baya kaɗan, ya baje ta gefe guda, kuma duk muhawarar kundina ita ce ko sirantar ce ta jawo haka, ko kuwa zafin lezar, tunda zare irin wannan ba ya saurin zubar da zafi. Bambancin na ƴan lambobi ne, layi kusa da layi. Da an miƙe zanen domin ya cika shafi, irin yadda ake yi wa katin biki, da hujjata ta ɓace.

Yaronku mai kula da kwamfuta ya zauna ya saurari wannan bayani, ya sake buga shafukan zanen sau uku har layukan suka rabu sarai, bai ƙara mini ko dala ba. Ranar da wuta ta ɗauke ina tsaka da sauko da sakamakon awon da aka aiko mini daga ƙasar waje kuma, kun tayar da inji, kuka bar shagon a buɗe har bayan isha'i.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara buɗi.

Naku,
Wani ɗalibin kimiyya a Maradi