Ina Za A Ɗaure Akuya?

Daga ƙasar Auyo,
Jihar Jigawa.

Assalamu alaikum Injiniya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Ya sanyin Ingila? Mu ma hunturu ya fara busawa, an gama yankan shinkafa, masu riɗi kuma sai zirga-zirga suke zuwa kasuwar Gujungu. Hajiya ta samu sauƙin ƙafar, ta ce in gaya maka ta ji shiru, ko ruwan Turawa ya wanke maka zumunci ne.

Takardun da ka turo kan awon gidaje sun iso. Sai da na sa yaro ya je Haɗeja ya bugo mini su, don ido ya fara ƙin karatun waya. Ga dalilin da ya sa na matsa maka. Ka san tun ambaliyar 2022 akwai mutanenmu da har yau ba su koma ɗaki na kirki ba, wasu na raɓe a gidajen 'yan'uwa, wasu sun tada bukka a gona. To yanzu ana maganar za a gina wa wasu daga cikinsu gidaje a kan tudu, dagaci kuma ya saka ni a kwamiti, wai ni na daɗe ina bin birkiloli. An kawo mana zanen, na baje shi a tabarma na duba, raina bai kwanta ba.

Ciki da falo ne. Ɗakin ƙafa 10 da 10, banɗaki a ciki mai masai irin na jan ruwa, ɗan kicin da mace ba za ta iya juyawa da tukunyar tuwo ba, sai baranda tana kallon hanya. Gidajen a manne biyu-biyu, a jere. Babu zaure, babu katanga. Filin da aka bari a baya taku kaɗan ne ka ci karo da bangon maƙwabci. A takarda abin gwanin sha'awa, har da itatuwa da wata mota an zana a ƙofar gida.

Na san ƙarshen irin wannan zane, don akwai irinsa da aka gina a wani gari nan kusa da mu, ƙanwar uwargida na zaune a ɗaya daga ciki. Banɗakin nan buhunan gero ne a ciki har sama, don ba famfo, kuma wa zai ɗebo ruwa daga burtsatse ya zuba wa masai bokiti guda? Sun haƙa shadda a baya sun kewaye da zana. Kicin ɗin kaji ke kwana. Girki a waje take yi, a murhun duwatsu uku, ta kafa zana tsakaninta da masu wucewa. Tagar ɗakin tana kallon hanya, duk wanda ya gifta sai ya ga gadonta, shi ya sa ta cusa buhu ta toshe ta, rani da damina. Akuyoyi biyu a ɗaure jikin ginshiƙin baranda. Maigidan in ya yi baƙo sai dai su tafi gindin darbejiyar wani, don baƙo namiji ba ya ratsa iyali ya shiga falo, kai ma ka sani. Kwanon kuma an ɗora shi ƙasa-ƙasa ba silin. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba mai iya zama ciki da rana. Ka haɗa wannan da taga a toshe da yara shida a ɗaki ɗaya, sannan ka tuna sanƙarau na 1996 da yadda ma'aikatan lafiya suka riƙa roƙon mutane su daina cunkuso su buɗe tagogi.

Abin ba sabo ba ne. Muna samari aka yi lokos na Shagari, wato gidajen gwamnati masu sauƙin kuɗi, bayan 1979, da niyyar gida 40,000 duk shekara, kowace jiha 2,000. Niyya mai kyau, Allah ya jiƙansa. Amma ba a kai adadin ba, da yawa an kai su bayan gari inda ba ruwa ba kasuwa, kuma kusan zane ɗaya aka bi da shi ƙasar nan duka, sai ka ce zaman Bahaushe da na mutumin Kalaba ɗaya ne. Je ka duba waɗanda aka shiga a Arewa. Abin da mai gida ya fara yi shi ne zagaye katanga.

Na karanta labarin da ka turo na kwamitin Parker Morris na 1961, wanda ya fitar da awon gidaje a Ingila, da yadda aka wajabta awonsa a gidajen ƙananan hukumomi a 1969, aka soke a 1980, sai 2015 aka sake fito da wani ma'auni. Na ma yi lissafi: murabba'in mita 11.5 da ma'aunin 2015 ya ce ɗakin mutum biyu kada ya gaza, ya ɗan ɗara ƙafa 11 da 11, wato bai kai sha biyu-sha biyun da kowane birkilan ƙauye ke yi da ka ba. Ashe ɗakin da aka zana mana ko nasu bai kai ba, mu da muka fi su yawan kai a ɗaki. Sai dai ba lambobin ne suka fi burge ni ba. 'Yan kwamitin na 1961 sun fara da tambayar yadda iyali ke rayuwa a gida, da kayan da suke ajiyewa, da wurin da ake buƙata a yi amfani da su, sannan suka fitar da awo. Su teburin cin abinci da kujeru suka auna. Mu in za a auna mana, a auna turmi da wurin da taɓarya za ta ɗaga, da randa, da murhu, da tabarmar shanya, da rumbu, da turke, da inda za a shimfiɗa wa yara su kwanta a waje daren bazara. Duk waɗannan a tsakar gida suke. Matar ƙauye a can take wuni, ɗaki wurin kwana ne da ajiya. Amma mai zanen ya ƙirga ɗaki da falo, tsakar gida kuwa abin da ya rage ne bayan an gama.

Sannan gidanmu girma yake yi. Yau mutum da matarsa, gobe ya ƙara aure, jibi ya aurar da ɗa, tsohuwa ta dawo hannunsa, ƙanwa ta fito daga gidan miji. Ɗaki ana ƙara shi in an sayar da amfanin gona. Fili kuwa in an riga an matse ka tsakanin maƙwabta, shi ke nan har jikoki.

Na san amsar da za a ba ni: kuɗi. Gaskiya ne, buhun siminti ya haura naira 10,000 a 2024. To amma a ƙauye ƙasa ta fi siminti araha nesa ba kusa ba. Ni abin da zan ce, a cire falon, a cire masan jan ruwa da tayil da fentin ado. Kuɗin a zuba su a harsashi mai tsayi wanda ruwa ba zai hau ba, da katanga, da ɗan zaure ko na kwano ne, da ɗaki biyu na ƙafa 12 da 12 masu tsayin ƙafa 10, da silin, kowanne da taga biyu da iska za ta ratsa, babbar tana kallon cikin gida, ƙaramar can sama inda ido ba ya kaiwa. Fuloti kada ya gaza ƙafa 50 da 100. Makewayi a ƙuryar gida, a ɗaga bakinsa sama, kuma a nisanta shi da rijiya kamar mita 30 yadda masana ruwa ke cewa. Kuma a rubuta awon nan a takardar kwangila, don in ba a rubuce yake ba ɗan kwangila zai rage ƙafa ɗaya nan, bulo biyu can, ba mai kama shi.

Maganar bulon jar ƙasa da ake matsawa da inji da ka kawo, ni na yarda da ita, don na kwana a soro na kwana a kwano, na san bambanci. Amma kada ka yi zaton za ta karɓu da sauƙi. Mutumin da ya tsaya cikin dare yana kallon bangon ɗakinsa na narkewa a ruwa, ba za ka ce masa ƙasa ta fi ba ya saurare ka. Wataƙila in an yi siminti daga harsashi zuwa ƙugu, aka ɗora na ƙasa a sama, aka fito da bakin kwano sosai don ya kare bango, a gina guda ɗaya su gani da idonsu ya sha damina.

Wani abin kuma, kwamitin namu duka maza ne. Na sa uwargida ta riƙa jiyo mini bakin mata a wurin suna da biki. Abin da suka fi nanatawa ban taɓa kawo shi a raina ba: inuwa a wurin girki, da ƙofar ɗaki da uwa za ta iya hango yaro daga bakin murhu.

Yanzu ga roƙona. Ka zana mini abin nan a shafi ɗaya, da ƙafa ba da mita ba, yadda dagaci da liman za su gane ba sai an yi musu fassara ba. Ka nuna inda ɗaki na uku da na huɗu za su zauna nan gaba. In da hali ka fitar mini da adadin bulo da kwano, ni zan sa farashin nan gida in kwatanta da nasu, don in na je da baki kawai za a ce tsoho ne ke son gidan kakanni. Zaman kwamiti na gaba bayan kasuwa biyu ne, ka daure kada ka yi mini irin nawarka ta makaranta.

Daddawa da kukar da ka ce, an haɗa, ina jiran mai tafiya. Ka gaida maiɗakinka da yara, ka ce wa babban ya riƙa yi mini Hausa a waya.

Wassalam.

Naka,
Abokin karatunka na firamare